Ruwan Soda a Ɗaki Ɗaya

Mu goma sha huɗu aka zaɓa a ƙauyenmu. Kwana biyar muka yi muna zuwa makarantar firamare da yamma bayan yara sun tashi, muna zama a kan bencin da gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashinsa, wata mata daga birni tana koya mana yin sabulu. Ranar ƙarshe aka ɗauke mu hoto, aka miƙa wa kowace kayanta: shuɗin bokiti mai murfi, safar hannu ta roba, muciya, ma'auni, jarkar mai, akwatin zuba sabulu, da soda a leda mai kauri. A jikin allo an rubuta sunan shirin da manyan baƙaƙe, Sana'a a Ɗakinki. Aka ce don iyaye mata aka tsara shi, kada mace ta bar yaranta ta tafi nema wani wuri. Muka yi tafi. Ni ma na yi, da ƙarfi kuwa, 'yata na bayana tana jan ɗankwalina.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun koya mana aiki. Sodar ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba. Ki kau da fuska saboda tururin. Ki juya ta gefe ɗaya. In ta narke, ki rufe bokitin ki bar shi ya kwana biyu kafin ki haɗa da mai. Abu ɗaya ne babu wanda ya taɓo, ni ma ban yi wayon tambaya ba: a ina bokitin zai yi kwana biyun nan?

Ɗakinmu ɗaya ne, na haya. Gado na jikin bango, akwati biyu a kan juna, kwanuka a lungu, risho kusa da ƙofa, sai bokitin ruwan sha. In na shimfiɗa tabarma, ƙasa ta ƙare. Tsakar gidan kuma tamu ce mu biyar masu haya, da yara tara, da kajin da ba a san na waye ba sai ranar yanka.

'Yata shekararta biyu da wata huɗu. Babanta, wanda yake facin taya a bakin titi, shi ya sa mata Sufeto, domin babu abin da zai shigo ɗakin nan ba ta buɗe shi ba, ta shinshina, ta kai baki. Ta taɓa cin rabin kyandir. Ta taɓa ɓoye batir a kumatu tun safe har azahar. Ba ta da rigima, ba ta da yawan kuka, bincike ne kawai aikinta, kuma ba ta hutu.

Ruwan soda in ya huce ba shi da launi, ba shi da wari. Ruwa ne sak, irin wanda za ka ɗiba ka sha ka gode wa Allah. Bokitin da suka ba mu kuma, shi da na shanmu kamar uwa ɗaya ta haife su, shuɗi, murfi iri ɗaya, har mariƙin. A haɗina na farko ɗigo ɗaya ya faɗo mini a wuyan hannu, daidai inda safar ta ƙare. Na wanke nan take, amma ya bar mini tabo kamar ƙwayar wake. Na dubi tabon, na dubi bakin Sufeto.

Babu inda ban gwada ba. Na ɗora bokitin a kan akwatuna, sai na ga in ta ja na ƙasa, kanta zai kife. Ƙarƙashin gado kuwa ofishinta ne. Waje, ga yaran mutane. Babanta ya yanko mini robar tsohon tiyub na ɗaure murfin tamau, kafin rana ta yi tsaka ta gano yadda ake zame shi ta gefe.

"Wannan ai ta fi ni iya aikina," ya ce da ya dawo. "Gobe ita za ta je bakin titi, ni in zauna gadin bokiti."

Na yi dariya don kada in yi kuka. Abin da ya rage mini shi ne goyo. Duk mako, kwana biyu cur, Sufeto tana bayana, ina girki da ita, ina wanki da ita, ina shara da ita, tana dukan kafaɗata tana cewa a sauke ta. Yarinyar da ta saba gudu. Bayana ya riƙe, har in na sunkuya sai na dafa bango kafin in miƙe.

Da sabulun bai karɓu ba, da na huta. To ya karɓu. Mai shagon mahaɗa ya ce in riƙa kawo masa duk mako, mai shayi yana wanke kofunansa da shi, mata suna aiko yara ƙofata. Tun da nake, shi ne abu na farko da na yi da hannuna wani bare ya zo ya nema da kansa. Da kuɗinsa na saya wa Sufeto takalmi, da su na kai ta asibiti ranar da ta yi zazzaɓi ban jira babanta ya dawo ba. Ba na son in bari. Wannan ita ce gaskiya.

A haɗi na biyar ne, wata safiya, na sauke ta don in ɗauke tukunya daga wuta, saboda ba na ɗaukar abu mai zafi da goyo. Juyawa ɗaya na yi. Da na waiwayo, murfin ya zame, tana tsaye a kan 'yan yatsunta, jan kofinta yana cikin bokitin har rabi. Ban san yadda na isa wurin ba. Na fizgo ta, kofin ya faɗa ciki. Na buɗe bakinta da ƙarfi, na duba harshe, na duba hannuwa, na wanke ta da ruwa kamar zan cire mata fata. Ba ta sha ba, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ita kukanta na kofi take yi. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa har tukunyar ta huce.

A ranar na bar ta wurin maƙwabciya, na ɗauki bokitin a hannu, a hankali, na nufi ƙarshen gari wurin Gwaggo. Ƙanwar mahaifin mijina ce, ita kaɗai take zaune tun da 'ya'yanta suka watse, kuma tana da ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

"Wato ni za a kawo wa guba," ta ce, bayan na gama bayani. "An duba duk garin, an ga ni ce na gama amfani."

"Gwaggo, ke ai kin san ba a sha."

"Kin tabbata? Idona fa ba ya gani sosai, 'yar nan." Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta jefo mini. "Ki riƙe, kada ki dawo mini da shi. In na ji ƙishirwa na san hanyar randa."

Daga nan aikin ya koma can gaba ɗaya. Da safe in na sallami babanta, in goya Sufeto, in bi ta bayan masu niƙa, in tsallake kwalbati, in hau 'yar gangara har gidan Gwaggo. Ruwan haɗi daga famfon makaranta nake ɗauko shi, sawu biyu. In shiga ɗakin ajiya in rufe kaina daga ciki, Gwaggo tana tsakar gida da yarinyar, ina jin su suna faɗa.

"Ajiye carbin nan, 'yar sanda! Wa ya aiko ki?"

In na fito in kulle, in ja kwaɗon sau biyu, in rataya makullin a wuyana. Sabulun da ya gama bushewa ne kawai nake kawowa gida, shi ma a kwali nake ɗora shi can saman madafinmu. Tafiyar ta ƙaru, gajiyar ta ƙaru, sabulun da nake iya yi a mako ya ragu. Amma na daina zabura duk lokacin da na ji motsin murfi.

Wata uku a haka, sai saƙo ya zo cewa jami'ar shirin za ta zagayo duba mu ranar Talata. Wadda aka samu tana aiki a ɗakinta za a ƙara mata mai da soda da babban akwati, a haɗa ta da masu saye a kasuwar mako. Wadda ba a ga kaya a ɗakinta ba, za a ɗauka ta sayar da su ne, kamar yadda aka ce wasu sun yi a wani gari, a cire sunanta. Ni kuwa sodata ta kusa ƙarewa, kuma babu mai sayar da ita a kusa da mu. In aka cire ni, sana'ar ta tsaya ke nan.

Maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, tana cikinmu goma sha huɗun. Ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Dawo da kayan na kwana biyu mana, ki jiƙa sodarki, ta gani ta tafi."

"Ke a ina kike ajiye taki?"

Ta ɗaga labulen gadonta. Robobin lemo ne guda huɗu a jere, cike da ruwan soda, da murafensu a ɗaure, tambarin lemon ma ba a cire ba.

"Bokitin yana cin wuri," ta ce. "Nawa ba sa taɓawa. Sau ɗaya na zane su, sun gane."

'Yan biyun shekararsu uku. Na buɗe baki, sai ta riga ni: "Kowa da irin yaransa, Maman Sufeto." Na bar maganar, don gida ɗaya muke, igiyar shanya ɗaya muke amfani da ita.

Babanta ya ce in faɗi gaskiya kawai, in sun cire ni Allah ya kawo wata. Shi yana ganin abin da sauƙi. Na kwana biyu ina juya maganar, har Talata ta zo ban yanke komai ba. Abu ɗaya na sani, sodar nan ba za ta sake shiga ɗakina ba.

Da azahar ta iso. Ba wadda ta koya mana ba ce, wata ce matashiya, ba za ta girme ni sosai ba, da jaka a kafaɗa da takardu a maƙale a allo, takalminta ya yi futu-futu. Ta yi sallama, na shimfiɗa mata tabarma, ta zauna kamar an sake ta daga sama.

"Sannu da hanya, Malama."

"Yawwa, sannu. Ke ce ta tara yau." Ta waiga, idonta ya sauka a kan bokitin ruwan shanmu a inda yake kullum. "Madalla, ga bokitin ma. Kin jiƙa ke nan?"

Na buɗe baki zan ce mata a'a. Allah ya sani na buɗe. Sai na ga Sufeto ta fito daga ƙarƙashin gado da sabon kofinta a hannu, tana kallon jakar baƙuwa. Na mai da bakina na rufe.

"Ina sabulun da kika gama? In gani in ɗauki hoto."

"Yana madafi, Malama. Bari in sauko da shi. Don Allah ki duba mini yarinyar, ba ta jin magana."

"Je ki abinki. Zo nan, 'yar kyakkyawa."

Na tsallaka tsakar gida, na taka turmi na sauko da kwalin. Aikin minti ɗaya ne. Amma na tsaya a bayan ƙofar madafi da kwalin a ƙirjina, ina sauraro.

"A'a, wannan birona ne. Kawo. Yawwa. A'a, ba can ba! Zo nan. Ke! Bar murfin nan!"

Na ji an ja bokiti, na ji takardu sun zube, na ji dariyar Sufeto, don ita ta ɗauka wasa ne. Aka yi ɗan shiru, mai yiwuwa Malama ta sunkuya tattara takardunta. Sai ihu.

"Innalillahi! Maman yarinya! Wayyo Allah, ki zo!"

Na same ta a durƙushe, ta kifa Sufeto a cinyarta, yatsunta a bakin yarinyar, tana kuka wiwi. Gaban rigar Sufeto ya jiƙe sharkaf, kofin yana birgima a ƙasa.

"Ta sha! Wallahi juyawa kawai na yi, ta sha! Ina asibiti? Ina mai babur?"

"Malama, ruwa ne."

Ba ta ji ni ba. Na ajiye kwalin, na ɗauki kofin, na ɗebo daga bokitin na shanye a gabanta.

"Ruwan shanmu ne. Sodar ba ta gidan nan."

Ta saki yarinyar a hankali. Sufeto ta rugo ta rungume ƙafata, yanzu kam ta tsorata. Malama ta jingina da gado. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Kin san abin da kika yi mini? Ina da hawan jini. Wannan wane irin rashin imani ne?"

Kunya ta kama ni, don ban zaci abin zai kai haka ba. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ban kyauta ba. Na kawo mata ruwa a kofin baƙi, ta kalle shi, ta kalli bokitin, ta ƙi karɓa.

"Malama," na ce, "minti biyar kika yi da ita. Ni kwana biyu ne duk mako, ga girki, ga wanki. Ranar da ta yi mini haka, ba ruwan sha ba ne a ciki."

Na nuna mata tabon hannuna. Na faɗa mata komai, da akwatuna, da robar tiyub, da goyon, da ɗakin Gwaggo. Tana ji tana goge fuska da gefen mayafinta. Da na gama ta jawo takardar, wadda gefenta ya jiƙe, ta nuna mini wani layi da biro.

"Kin ga nan? Kayan aiki suna gidan mai sana'a? E, ko a'a. Shi ke nan abin da aka ba ni. Ba ni na rubuta ba. In na sa a'a, na'ura ce za ta cire ki, ba mutum ba." Ta sauke numfashi. "Nawa yaron wata goma sha takwas. Tun asuba yana wurin mahaifiyata."

Ta sa takalminta da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura.

"Da nisa?"

"Da ɗan tafiya."

"Mu je in gani."

Muka bi ta bayan masu niƙa cikin rana, muka tsallake kwalbati. A gangarar ta tsaya sau biyu tana haki. Gwaggo tana zaune a inuwa tana gyaran tsintsiya. Na buɗe kwaɗon, Malama ta leƙa: bokiti a rufe, muciya da safar hannu a kan ƙusa, sabulu yana bushewa a jere a kan katako. Ta ɗauki hoto. Sannan ta juya ta gaida Gwaggo.

"Baba, gidan nan na waye?"

"Na wa kike so ya zama?" in ji Gwaggo. "Mijin wannan a bayana ya yi fitsari har ya yi wayo. In ta ga dama ta kwaso gadonta yau ta dawo, in dai za ta bar 'yar sandan can a gida."

Malama ta yi murmushi, na farko tun da ta zo. Ta ɗora takardar a gwiwa ta ja layi a kan E.

Na ce, "Malama, ba za ki rubuta musu ba? Su san ba kowa ke da Gwaggo ba."

"Wurin ƙarin bayani layi biyu ne," ta ce, "kuma ban taɓa jin wanda ya karanta shi ba." Duk da haka ta rubuta, ƙanana ƙanana, har ta gangara gefen takardar. Sannan ta duba agogo ta ce saura mutum biyar, kuma motar ba ta jira. Na raka ta har kwalbati.

Sunana ya tsira. Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka, amma abin da na ji kawai shi ne bayana yana ciwo kuma ban ɗora girki ba.

Da la'asar na shiga ɗakin Maman 'Yan Biyu. Duk gidan an ji ihun, ita ma ta ji labari, tana ta dariya tana cewa na kusa kashe ma'aikaciyar mutane. 'Yan biyun suna kan gado suna tsalle. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, na durƙusa na ɗaga labulen, na jawo robobin ɗaya bayan ɗaya na sa a buhu.

"Ke, lafiya? Kayana ne fa!"

"Naki ne, Yaya. Suna ɗakin Gwaggo. Duk ranar da za ki haɗa, ki ƙwanƙwasa mini mu tafi tare."

"Har can? Da ƙafar wa?"

"Da irin tawa."

Ta yi ta faɗa, ta ce na raina ta, ta ce ita ba yau ta fara haihuwa ba. Amma ba ta riƙe buhun ba. Na san za ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, kuma na san Gwaggo za ta ce an mai da gidanta kamfani ba a ba ta ko sabulu ɗaya ba.

Na goya Sufeto, na ɗaure zanen sosai, na ɗauki buhun a hannun dama nesa da jikina. Sawu na uku ke nan a ranar. A kan gangarar ta leƙo ta kafaɗata, ta ga robobin ta bakin buhu, ta miƙo hannu.

"Mama, lemo."

Na mai da buhun ɗaya hannun, na ci gaba da hawa.